Tafiya Abijan: abin da ya kamata baƙo shi sani

In anka gama girbi, anka zuba hatsi cikin rumbu, sai tashoshin mota na Madawa da Buza da Keita su cika. Samari da magidanta suna tafiya biɗa. Wasu su nufi Najeriya, wasu Aljeriya ko Libiya, wasu kuma su gangara bakin teku. Cikin garuruwan bakin teku, Abijan na cikin waɗanda mutanen Adar sunka fi zuwa.

Akwai mai zuwa cin rani. Akwai mai rakiyar albasa. Akwai dattijon da za shi ganin ɗanshi, akwai matar da mijinta ya aiko a kai mishi ita. Wanda ya tafi da shiri shina iya dawowa da riba. Wanda ya tafi da ka, wani lokaci ko kuɗin motar dawowa sai dangi sun saida akuya sun aika mishi. Don haka ya kamata mai niyyar tafiya shi san garin tun kafin shi bar gida.

INA NE ABIJAN?

Abijan shi ne gari mafi girma a ƙasar Kwaddibuwa. Shina kudu maso yamma da Nijar, bakin tekun Atilantika. Ƙidayar 2021 ta samu mutum miliyan 5 da dubu 600 cikin garin. Ƙidayar Nijar ta 2012 kuwa ta samu mutum miliyan 3 da dubu 300 cikin jihar Tawa baki ɗaya. Ke nan jama'ar gari guda sun fi waɗanda anka ƙidaya a jihar Tawa duka wancan lokaci.

Da can Abijan ƙauyukan masunta ne, na ƙabilar Ebiriye. Turawan Faransa sun fara kafa babban birninsu a Garan-Basam cikin 1893. A 1899 ciwon shawara ya faɗa garin, ya kashe mutane da yawa. Sai Turawa sunka tashi sunka koma Banjarbil a 1900. A 1934 Abijan ya zama babban birni. A 1983, zamanin shugaba Hufuwet Buwanyi, anka maida babban birnin ƙasa Yamusukuro. Amma manyan kasuwanni da bankuna da ofisoshin jakadanci duk suna Abijan.

Akwai hanyar jirgin ƙasa da anka fara ginawa daga Abijan a 1904. Sunanta Abijan-Nijar. Ta kai Wagadugu a 1954, amma ba ta taɓa isowa Nijar ba.

TASHAR JIRAGEN RUWA

Abijan ba a bakin teku sosai ya zauna ba. Shina kewaye da wani dogon tabki, tabkin Ebiriye. Tsakanin tabkin da teku akwai tudun rairayi. Da farko manyan jirage ba su iya shigowa. Sai anka tsaga tudun, anka haƙa hanyar ruwa mai tsawon kilomita 2 da mita 700. Sunanta Biridi. An gama ta a 1950, an buɗe tashar jiragen ruwa a 1951. Tun daga nan garin ya shiga haɓaka, ma'aikata sunka riƙa zuwa daga Burkina da Mali da Nijar da Gini.

A 2019 an gama faɗaɗa hanyar Biridi don jirage mafi girma su shigo. A 2022 an buɗe sabon wurin sauke kwantena, wato manyan akwatunan ƙarfe da ake gani bisa kamyo. A 2023 kayan da sunka bi ta tashar sun wuce tan miliyan 30.

Abin da ke fita shi ne koko da kafe da kashu da roba da auduga da ayaba. Kwaddibuwa ce ta ɗaya a duniya wajen noman koko. Abin da ke shigowa shi ne shinkafa da alkama da takin zamani da motoci da ɗanyen mai. Akwai kuma sashen jiragen kamun kifi, inda ake sauke wani babban kifin teku da ake ce ma ton. Kayan Mali da Burkina da yawa ta nan suke bi. Nijar kuwa shekara da shekaru ta fi aiki da tashar Kwatano, daga 2023 kuma kayanta da yawa sunka koma bi ta Lome.

Ba a shiga cikin tashar sai da takardar izini. Baƙon da ke son ganin jirage shi shiga jirgin haya na cikin tabki, ko shi tsaya bisa gadar da ta haɗa Filato da Tireshbil. Daga nan za shi hangi jiragen da sunka fi babban masallacin Juma'a tsawo.

TAKARDUN TAFIYA

Takarda ta farko ita ce katin ɗan ƙasa ko fasfo. A duba kwanan watan da ke jikinshi. Katin da wa'adinshi ya ƙare ba shi ƙetarar da mutum iyaka. Katin wa ko na ƙane kuwa ba naka ba ne, ko da kun yi kama.

Ta biyu ita ce takardar lambar shawara, mai ruwan ɗorawa. Ana tambayarta a iyakar Kwaddibuwa. Allura guda ce, tana fara tsare mutum bayan kwana 10. Tun 2016 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce allura guda ta isa har iyakar rai. Wasu suna sayen takardar ba tare da an yi musu allura ba. Takarda tana iya ruɗin ma'aikaci, amma sauron da ke kawo shawara ba ruwanshi da takarda.

Wanda za shi tafi da yaro shi riƙe takardar haihuwar yaron, da takardar yardar uwayenshi in ba shi ne uban ba.

A 1979 ƙasashen CEDEAO sun yarda ɗiyansu su shiga ƙasashen juna ba biza, har kwana 90. Ran 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina sunka fita daga ƙungiyar, sunka fito da fasfon AES. A ranar CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar takardun mutanen ƙasashen nan uku, su riƙa shiga da fita ba biza, har sai an sake wata shawara. Doka tana canjawa. Mai tafiya shi tambaya wajen hukuma kafin shi yanki tikiti.

In an isa, wanda za shi daɗe shi je ofishin jakadancin Nijar a Abijan shi yi katin jakadanci. Ranar rashin lafiya ko rasuwa ko kamu, katin nan ne ke nuna ko shi wane ne.

HANYA

Daga Madawa zuwa Yamai wajen kilomita 500 ne, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Daga Madawa zuwa Abijan ya wuce kilomita 2,000. Tafiyar kwanaki ce, da kwana bisa hanya.

Tsohuwar hanya tana bi ta Yamai da Torodi da Makalondi, ta shiga Burkina ta Kancari da Fada Ngurma, ta kai Wagadugu da Bobo da Banfora. Daga nan sai iyakar Kwaddibuwa, sai Ferke, Buwake, Yamusukuro, Abijan. Amma cikin shekarun nan ƴan bindiga sun tare motoci a gabashin Burkina da wajen Torodi, an yi asarar rayuka. Manyan motocin kaya sun koma tafiya cikin ayari, da rakiyar soja.

Hanya ta biyu tana bi ta Doso da Gaya, ta shiga Benin ta Malanbil da Faraku, ta kai bakin teku. Daga nan a bi gaɓar teku ta Lome da Ankara har iyakar Nowe, sannan Abijan. Iyakoki huɗu ke nan. A 2023 an rufe gadar Gaya da Malanbil, matafiya da yawa sunka koma ƙetare kogin Isa da jirgin kwalekwale. Jirgin da anka cika da mutane da babura da buhuna, mai hankali ba shi shigarshi.

Hanya tana buɗewa, tana rufewa. Labarin bara ba shi amfani bana. A tambayi direbobi da waɗanda sunka dawo cikin watan nan. Matambayi ba shi ɓata.

A riƙe guzuri mai jimiri: ƙuli-ƙuli, dabino, garin rogo, kilishi, da ruwan sha mai tsabta. Kada a karɓi ƙunshin wani a ce a kai ma wane, in ba a buɗe an ga abin da ke ciki ba. In duwan ko jandarma sunka samu ƙwaya ko makami cikin jakar mutum, shi ne mai laifi.

Mai rakiyar albasa shi sani fa, albasar Galmi da Arewa da Tabotaki ta saba da busasshiyar iska. Iskar kurmi tana da laima. Kowane kwanan da kamyo ya ƙara bisa hanya, ruɓa ce ke ƙaruwa cikin buhu. A zaɓe albasa tun gida, a bar ta ta sha iska, a cire mai tabo. A kasuwar Abijan akwai albasar Burkina da ta Holan, su ma suna neman mai saye. A ji farashi ta waya kafin a yi lodi, a kuma rubuta yawan buhu da sunan dillali.

RANAR SAUKA

Motocin nesa da yawa suna sauke mutane a Ajame ko Tireshbil. Ajame unguwa ce ta tashoshi da kasuwanni, cunkosonta ya fi na kasuwar Tunfafi ranar ci. Baƙo ko da ido makaho ne. Da ya sauko, masu neman fasinja za su kewaye shi, kowa na jan jakarshi. Kada shi miƙa ma kowa kaya. Shi koma gefe cikin tasha, shi kira mai masaukinshi, shi jira.

Lambar waya a Kwaddibuwa tana da lamba 10 tun 2021. Ta Nijar tana da 8. Mai kira daga Nijar shi fara da 00225. Mai kira gida daga Abijan shi fara da 00227. A rubuta lambar mai masauki a takarda, da sunan unguwa. Waya tana ɓata, batir shina mutuwa.

Agogon Abijan shina bayan na Nijar da awa guda. In ƙarfe 7 ta yi a Madawa, ƙarfe 6 ce a Abijan.

Mutanen Adar a can suna zama gari-gari. Ƴan gari ɗaya su kama ɗaki ɗaya, su haɗa kuɗin haya da na ruwa da wuta. Akwai dattijon da ke shugabantarsu. Baƙo shi je shi gaida shi tun ranar farko, shi faɗi ɗan wane ne da abin da ya kawo shi. Shi ne za shi nuna mishi hanya, shi ne kuma za a nema in wata matsala ta taso.

YAWO CIKIN GARI

Abijan shina da manyan unguwanni 10, kowace da magajin garinta. Filato ce unguwar ofisoshi da bankuna da dogayen benaye. Kokodi ce unguwar manya da jami'a. Yofugon da Abobo sun fi kowace jama'a. Tireshbil tana kusa da tashar jiragen ruwa. Filin jirgin sama shina For-Buwe. Saura su ne Ajame, Atekube, Markori da Kumasi. A kula, wannan Kumasi unguwa ce cikin Abijan, ba Kumasin Gana ba ce.

Tabki ya raba garin biyu, gadoji ne ke haɗa shi. Gadar Hufuwet Buwanyi ta 1957 ce, gadar Digol ta 1967, gadar Bediye ta 2014. An ƙara wasu biyu a 2023 da 2024.

Abin hawa iri-iri ne. Akwai manyan bas na kamfanin SOTRA, kowace da lamba a goshi, lambar ce ke nuna inda za ta. Akwai gbaka, ƙananan motoci masu yaron mota da ke kiran sunan unguwa. Akwai woro-woro, taksin da ake haɗuwa a biya, kowace unguwa da launinta: na Yofugon shuɗi, na Kokodi ruwan ɗorawa. Akwai taksi mai ruwan goro da ke kai mutum shi kaɗai, ita ta fi tsada. Akwai kuma jiragen haya na cikin tabki. Wanda ya iya karatu, shina karanta lambar bas da allon titi da kanshi, ba sai ya nuna ma kowa shi baƙo ne ba.

A riƙe canji kafin a shiga mota. Rigimar canji tana da yawa. A manyan tituna motoci suna gudu ƙwarai, an yi gadojin ƙafa don masu ƙetarewa. A bi ta bisa gada ko da ta yi nisa.

Mai son buɗe ido shi je kurmin Banko, dajin hukuma mai eka fiye da 3,000 cikin gari. Wanda ya girma a duwatsun Keita za shi ga itatuwan da ba a hangen kansu. Arewa da gari akwai Anyama, garin goro, inda fatake ke ɗaure huhu.

KUƊI, HARSHE DA ABINCI

Kuɗin Abijan sefa ne, irin na Nijar. Ba a bukatar canji. Haka Benin da Togo da Burkina. Gana ce ke da nata kuɗi, sidi.

Sai dai lissafi ya bambanta. Mai Faransanci da tamma shike ƙirga. In ya ce san faran, dala 20 ke nan. In ya ce sen san, dala 100. In ya ce mil faran, jika guda. Harshen kasuwa shi ne Julanci, su kuwa Jula da dala suke ƙirga kamar Hausawa, suna ce mata dorome. Baƙo shi tabbatar da wane lissafi ake yi kafin shi ce ya saya.

Kada a tara kuɗi wuri guda. Kada a fito da su gaban jama'a. Wanda ya samu ƴan kuɗi shi aika gida ta kamfanin aika kuɗi, shi adana rasit. Kowane mutumin da ya ce shina ninka kuɗi, ko shina da zinariya mai araha, ko za shi sama ma baƙo wuri cikin jirgin Turai, ɓarawo ne. Masu ɓuya cikin jirgin ruwa da yawa ba a sake jin labarinsu ba.

Hatsi ba shi ne abincin gari ba. Suna cin doya da ayaba da shinkafa da aceke, wanda ake yi da rogo. Aceke da soyayyen kifin ton da tattasai da albasa shi ake kira garba. Mutanen gari suna cewa sunan ya fito daga ƴan Nijar da sunka shahara da saida shi. Shina da araha, shina riƙe ciki. Masallatai suna da yawa a Ajame da Tireshbil da Abobo. A wuraren cin abinci da ake kira maki ana saida giya, wani wuri da naman alade. Musulmi shi tambaya kafin shi zauna.

RUWA DA LAFIYA

A Adar ruwan shekara bai cika kai milimita 500 ba. A Abijan shina wuce 1,500. Damina biyu gare su: babba daga Mayu zuwa Yuli, ƙarama cikin Oktoba da Nuwamba. A watan Yuni na 2018 ambaliya ta kashe mutum kusan 20 cikin dare ɗaya. Ɗakin da ke gindin tudu ko bakin rafi shina da arahar haya, amma shi ruwa ke fara ci, shi ƙasa ke zaftowa ta rufe.

Sauro ba shi ƙarewa a Abijan, rani da damina. A tafi da sange, a kwana ciki kullum. Wanda ya ji masassara shi je likita a auna jininshi. Maganin da ake tallarshi bisa tire cikin rana ba abin dogara ba ne.

Magidancin da ya yi nisa da iyali shi kama kanshi. Sida da sauran cututtukan zamani ba a ganinsu a fuska. Wanda ya kwaso, matarshi da jaririnta shike kawo mawa.

Teku ba tabkin Keita ba ne. A bakin Biridi da For-Buwe da Garan-Basam igiyar ruwa tana da ƙarfi, tana janye mutum ko da ruwan bai wuce gwiwa ba. Ko waɗanda sunka iya iyo tana cinye su. A tsaya bisa rairayi a yi kallo.

DOKAR GARI DA ZAMAN LAFIYA

Ƴan Adar da yawa da talla suke farawa: agogo, tabarau, takalma, shayi, tsire. To, a watan Afrilu na 2024 hukumar Abijan ta hana talla bisa manyan tituna, ta hana bara, ta hana tura amalanke. An kafa ma'aikata masu kama kaya. A shekarar kuma an rushe gidaje da rumfuna a wurare kamar Gesko da Boribana. Saurayin da ya zuba jarinshi duka cikin tire shina iya rasa shi rana ɗaya. Kafin a sayi kaya, a tambayi na gaba inda aka yarda a kasa.

Baƙo ba shi shiga siyasar masu gari. Rikicin zaɓe na 2010 zuwa 2011 ya ci mutum wajen 3,000, baƙi da yawa sun yi asarar dukiya. In an ga taro ko zanga-zanga, a canja hanya.

A watan Mayu na 2021 an watsa wani hoton bidiyo ta Facebook, anka ce wai ƴan Nijar ne ke dukan ƴan Kwaddibuwa. Ƙarya ce, hoton ba na Nijar ba ne. Amma kafin gaskiya ta fito an faɗa ma ƴan Nijar a Abobo da Yofugon da wasu unguwanni, an fasa shaguna, an ji ma mutane rauni, an yi rashin rai. Kotu ta ɗaure wadda ta watsa maganar shekara 5. Duk abin da ya shigo waya, kada a tura ma wani sai an tabbatar.

DAWOWA GIDA

Ruwan shuka shina sauka a Adar wajen watan Yuni. Gona ba ta jiran mai ita. Wanda ya makara, mata da tsofaffi ne za su yi shuka da noman farko, gandari da gayya kuwa sai da kuɗi. Abin da anka samo a Abijan sai shi ƙare wajen sayen hatsin da gona ta kasa badawa. Don haka da kuɗin farko sun shigo, a ware na motar dawowa, a ba dattijon masauki ajiya.

Daren da za a tashi, maigida shi tara iyali. Shi faɗi yawan hatsin da ya bari cikin rumbu, da wanda za shi kula da bisashe, da watan da za shi dawo. Shi biya bashin da ke kanshi ko shi faɗe shi gaban shaidu. Shi rubuta lambar mai masaukinshi a takarda biyu, ɗaya cikin aljihunshi, ɗaya hannun mai ɗakinshi. Shi nemi albarkar uwaye.

Allah shi kai matafiya lafiya, shi maido su lafiya.